Gwaggo Anjima da Jan Akwati

Da tafireta Gwaggo ta fara aiki, a wani ofishi mai taga ɗaya, inda ta buga takardun mutane har furfura ta fito mata a goshi. Tana son tafireta saboda in ta lalace kana ganin abin da ya lalace, ko ƙarfe ya lanƙwashe ko zare ya bushe. Da aka kwashe tafiretoci aka kawo kwamfuta, ta koya don dole, tana harararta kamar baƙon da bai faɗi abin da ya kawo shi ba. Bayan ta yi ritaya ta kama shago a bakin titi, tsakanin mai aski da mai sayar da takalma, ta zuba kwamfuta uku da firinta da benci da wata fanka mai kukan tsufa. Masu neman aiki da masu duba sakamakon jarrabawa da masu buɗe imel, duk wurinta suke zuwa.

Sunan Anjima kuwa daga burawuza ta samo shi, wato manhajar da ake shiga intanet da ita. Duk sanda ɗan saƙo ya leƙo a kusurwar allo yana cewa akwai sabuntawa, sai ta kai linzamin kwamfuta ta danna wurin da ke cewa a bari sai anjima. Tun masu zuwa shagon na dariya har suka laƙaba mata. Tana da dalilinta. Akwai ranar da ta yarda ta sabunta, shago cike da mutane, burawuzar ta tashi da sabuwar fuska, maɓallin bugawa ya ɓace, firinta ta ƙi jin kira, har wata ɗaliba ta fashe da kuka. Tun daga ranar ta sa wa abin ido.

Mai gyara mata kwamfutocin ɗan yayanta ne, magidanci mai gemu da jakar sukurdireba, ana ce masa Injiniya. Ba ya zuwa ya tafi ba su yi musu ba.

"Gwaggo, ƙofofi suke toshewa fa," in ji shi. "Duk sabuntawar da kika ƙi, kin bar wa ɓarawo taga a buɗe."

"Wa ya buɗe tagar tun farko?" ta ce. "Magini ya gina maka ɗaki, kullum yana dawowa wai ya gano wata ɓaraka, kai kuma kana yi masa godiya? Kuma me ya sa ba sa faɗin abin da suka gyara? Sai dai su ce an gyara wasu kurakurai. Waɗanne?"

"In suka faɗa dalla-dalla kafin kowa ya sabunta, ai sun nuna wa ɓarayi hanya."

"To ni ma sun ɓoye mini, ashe ni da ɓarayin ɗaya muke a wurinsu."

Mijinta, tsohon direba da gwiwa ta zaunar, yakan kasance a kan benci yana sauraro. Ba ya sa baki, amma a ransa maganar Injiniya ce ke shigarsa, domin shi mutum ne da ya saba canza man mota kafin ta nema.

Wata safiya Gwaggo ta tafi asibiti a duba mata ido, ta bar masa jiran shago. Da ta dawo ta same shi yana ta fara'a, ya ce komai lafiya. Ta dubi kwamfutocin, ba ta ga wani abu ba, sai dai ta tsakiya ta ɗan yi nauyi, fankarta ta ciki tana huci ko ba mai aiki a kanta. Ta riƙe abin a zuciya.

Bayan 'yan kwanaki wata ma'aikaciyar jinya da ta saba zuwa ta shigo ko sallama ba ta ƙarasa ba. An kore ta daga imel ɗinta, an canza kalmar sirri, ana ta aika wa abokan aikinta saƙonni da sunanta, ga kiran ganawar neman aiki da take jira a ciki.

"Ni ban taɓa buɗe shi ko'ina ba sai a nan," ta ce, tana nuna kwamfutar tsakiya. "Mama, wa kike ba wa sirrin mutane?"

Kafin yamma wani malamin makaranta ya zo da irin wannan ƙorafi. Magana ta zaga titi. Mai aski, wanda ke gaishe ta kowace safiya, ya koma ɗaga hannu daga nesa. Gwaggo ta zauna a shagon da ya yi fayau, tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya a ranta. Ta zargi wani mai hula da ya daɗe a kan kwamfutar yana kare allo da kafaɗa. Ta zargi masu burawuzar, ko sun hukunta ta ne don ta ƙi bin umarninsu. Har Injiniya ta zarga, ta ce ko ya saka wani abu ne don ya nuna mata gaskiyarsa. Da wannan fuskar ta tarbe shi da ya zo.

"Kai kaɗai ka san cikin kwamfutocin nan," ta ce.

Ya ajiye jakarsa a hankali. "Gwaggo, ni kike nufi?"

"Ban kira suna ba."

Ya ja kujera ya shiga bincike. Can ya juyo da allon, ya nuna mata wata ƙaramar manhaja da ta maƙale a jikin burawuzar, tana kwashe duk abin da aka rubuta tana aikawa waje. Ya nuna mata ranar da aka saka ta. Ranar asibiti ce.

Su biyun suka juya wajen benci. Direba ya cire hularsa ya mayar.

"Wani jan akwati ne ya cika allon," ya ce, "yana walƙiya, wai burawuza ta tsufa, akwai haɗari, a sabunta yanzu-yanzu. Na tuna maganarka, ɗana. Na ce bari in yi mata abin arziki tun da ba ta nan."

"Ka ji ko!" Gwaggo ta buga tebur. "Sabuntawa! Ban faɗa ba?"

"Wannan ba sabuntawa ba ce, Gwaggo, ɓarawo ne ya sa rigarta," in ji Injiniya. "Ta gaske ba ta ihu, ba ta fitowa daga cikin shafi. Kuma da burawuzarki sabuwa ce, mai yiwuwa da ta tare shafin tun kafin Baba ya gan shi."

"Mai yiwuwa," ta maimaita. "Ba ka da tabbas ke nan."

"Ba ni da shi," ya ce.

Wannan amsar ce ta sanyaya mata jiki fiye da duk musun da suka taɓa yi. Ta bar shi ya wanke kwamfutocin kaf. Ta sa ya nuna mata inda ake shiga a cikin burawuzar a duba sabuntawa ta gaske, ta yi da hannunta, ta sake yi yana kallo. Amma ta kafa sharaɗi: kwamfutar bakin ƙofa za a fara sabuntawa, ta zuba mata ido ta ga ko firinta na amsawa, sannan sauran su biyo. Injiniya ya ce jinkirin ma haɗari ne, ta ce ta ji, suka tsaya a nan. Haƙuri kuwa ba ta ba shi da baki ba, sai dai da zai tafi ta raka shi har bakin titi tana riƙe masa jaka, abin da ba ta taɓa yi ba.

Washegari ta rufe shago ta tafi asibitin da ma'aikaciyar jinyar ke aiki, ta jira ta a baranda har ta fito. Ta faɗa mata yadda abin ya faru, ba ta ambaci mijinta ba, ta ce a shagonta aka yi, don haka laifin nata ne. Injiniya ya taimaka aka dawo da imel ɗin, amma ranar ganawar ta riga ta wuce. Matar ta saurare ta, ta ce Allah ya kyauta, ta koma bakin aikinta. Yanzu in tana da abin bugawa, tsallake titi take yi zuwa wani shagon, Gwaggo na hango ta ta taga.