Ranar da Na Ja Malam Isyaku a Rimok

Ban taɓa mantawa da ranar da muka kai Malam Isyaku makwancinsa ba. Tun da wuri bari in sauƙaƙa muku: in kuna neman wawan labarin nan kada ku wahalar da idanunku, ga shi zaune a gabanku da furfura. Ku direbobin yanzu kuna cewa Baba Sale ya san mota. Na san ta. Amma akwai lokacin da sanin ya yi wa kaina yawa.

Ƙarshen shekarun casa'in ne, cikin bazara. Ina tuƙa bashe, wato a-kori-kura mai rufin tamfol, ta wani ɗan kasuwar hatsi a unguwar Chagoua, cikin Injamena. Tsarin aikinmu haka yake: maigida a sama, sai shugaban gareji mai riƙe da mai, sai mu direbobi. Kafin tafiya direba ke faɗin man da zai ishe shi, a zuba masa. Abin da bakinka ya faɗa shi ne rabonka, in ya gaza a daji kai da Allahnka. Muna kuma da rimok, ƙaramar tirela mai ƙafa biyu da ake maƙalawa a bayan mota.

Ni kuwa na yi aji uku a lekol, wato makarantar boko, har na iya rubuta sunana da rubutun Faransa, ko da yake yana ɗan karkacewa. Da wannan ilimi na gano wata babbar ka'ida wadda Turawa suka kasa ganowa. Ka ɗora wa jaki buhu biyu, ya durƙusa. Ka ɗaura masa amalanke, ya ja ninkinsu yana kaɗa wutsiya. Ashe abin da aka ja ba shi da nauyi! Saboda haka motar da ke jan rimok ta fi motar da aka cika da kaya tsimin mai. Na yi wa'azin nan a kowace rumfar shayi daga Chagoua har unguwar Abena. Abu ɗaya kawai ban yi ba: ban taɓa gwadawa a doguwar hanya ba.

Malam Isyaku tsoho ne mai ɗinkin hula a unguwarmu. Kakanninsa sun taso daga ƙasar Katsina za su Makka a ƙafa, guzuri ya ƙare musu a gabas da Injamena, suka zauna a wani wuri da mu Hausawa ke kira Zangon Aduwa. Can aka haife shi, can mahaifiyarsa ta rasu yana yaro, aka kawo shi birni, bai sake komawa ba. Ya cika da asuba, ya bar wasiyya guda: a kwantar da shi kusa da uwarsa. Ga zafin bazara, gawa ba ta jira. Dole a rufe shi kafin faɗuwar rana.

Maigida ya ba da mota. Matsalar mai ce. Lokacin ana ƙarancinsa, kwalaben masu sayarwa a bakin titi duk sun zama fanko. Shugaban gareji ya tatso abin da ke gindin duro ya cika mini tanki, ya ce, “Sale, ke nan. Ka sa gawa a cikin bashe, mutane su zauna kewaye da ita. Zai kai ka, ka nemi na dawowa a kasuwar can.”

Na dube shi da tausayi. Na ce a sa Malam a rimok, a yi masa rumfar tamfol saboda rana, masu rakiya su sake a cikin mota. Na ce a hakan har mai zai ragu.

Liman Tanko, wanda zai yi masa salla, ya gyara murya. “Malam Sale, mai tafiya a ƙasa shi ke shiga gaban gawa. Mahayi bayanta yake bi. Kai kana so mu hau, mu ba ta baya, ta biyo mu.”

“Allah gafarta Malam,” na ce, “wannan lalura ce ta injin.”

Kalmar injin ta rufe bakin kowa, ban da mutum ɗaya. Daga bayan labulen zaure yayar mamacin, Inna Ladi, tsohuwa tukuf, ta ce, “Sale, ƙanina ba buhun gero ba ne.” Sannan ta kira ɗan mamacin, Habibu, magidanci mai 'ya'ya, ta ce masa kabarin uwarsu, ita da Malam, na gindin wata aduwa mai rassa biyu, da rabin dutsen niƙa a wajen kai. Ni na ce kada su damu, na san Zangon Aduwa kamar aljihuna, nakan ɗauko gero a kasuwarsu.

Har garin Massaguet kan kwalta ba abin da ya faru, ina ta satar kallon Liman ko zai yaba. Da muka sauka kan yashi sai motar ta sake hali. Ba ƙara take ba, ba tari ba. Nauyi ne, irin na wanda aka riƙe wa gefen riga. In na taka totur ta yunƙura, sai in ji an ja ta baya a hankali, kamar da ladabi. Allurar mai kuwa ta kama gangara ina kallonta.

Rana ta take tsaka. Sama fari fat, ƙasa fari fat, kawalwalniya na kwance a gaba kamar tafki. Ba tsuntsu, ba akuya, ba ko ƙuda. Mutanen da ke baya, waɗanda tun daga gari suke hira ƙasa-ƙasa, suka yi tsit. Na leƙa madubi. Dukkansu sun juya suna fuskantar rimok, don a bayan bashe ba inda mutum zai kalla sai baya. Gaban rumfar ya ɗan buɗe, kan makara na daidai da gwiwoyinsu. Gefen tabarmar da aka lulluɓe shi yana ɗagawa, ya kwanta, ya sake ɗagawa.

Iska ce, na gaya wa kaina. Mai aji uku ba ya tsoron iska.

Sai ƙarfen da ya haɗa mu da rimok ya fara bugawa. Ƙwas. A yi shiru. Ƙwas. Irin bugun baƙon da ba ya so ya tashi masu gida.

Habibu ya sunkuyo ta taga. “Baba Sale, ka ji?”

“Ƙarfe ne, ɗana.”

“To me ya sa ba ya yi sai ka ƙara gudu?”

Na ƙura wa hanya ido. Liman Tanko na gefena, carbinsa ya daina tafiya. Ya dubi allura, ya dube ni. “Saura nisa?”

“Kaɗan,” na ce. Ƙarya nake. A ƙafa, da gawa a kafaɗa, ba za mu isa ba sai dare ya raba.

Motar da mai ya ƙare mata takan yi tari, ta yi fizge-fizge, ta ba ka lokacin yin salati. Wannan ba ta yi ba. Ta ɗauke kawai, kamar an hure fitila. Muka gangara muka tsaya. Can sai rimok ya matso ya dunguri bayan motar sau ɗaya, a hankali, ya tsaya shi ma.

Ba wanda ya zage ni. Da sun zage ni da na ji sauƙi. Habibu ya sauka ya tsuguna kusa da makarar ubansa yana kare ta daga rana da jikinsa. Ni na buɗe gaban mota ina taɓe-taɓe, don direba in ya rasa abin yi nan yake ɓoye fuskarsa.

Da na ɗago sai na ga mutum. Wani tsohon Balarabe makiyayi, da sanda a kafaɗa, tsaye a inda na rantse ba kowa ɗazu. Bai tambayi abin da ya sami mota ba. Ya dubi makara ya ce da Larabcin nan namu na Chadi, “Na Hausa ne? Ku shigo da shi, ga su can.”

Liman ya ce masa Zangon Aduwa za mu, yana gaba.

Tsohon ya girgiza kai. Ya ce wancan sabo ne. Tun yana saurayi rijiyar tsohon zangon da ke nan ta ƙafe, mutane suka kwashe suka koma gaba da sunan garinsu, suka bar matattunsu. Ya nuna da sanda. Bayan wani ɗan tudu, jifa ɗaya daga inda muka tsaya, ga wata aduwa mai rassa biyu.

Muka sauke Malam, muka ɗauke shi a kafaɗa. Yanzu kam ba mahayi a cikinmu. Habibu ya sa hannu ya share yashi a gindin bishiyar, yatsunsa suka ci karo da abu. Rabin dutsen niƙa, a ƙasar da za ka yini ba ka ga tsakuwa ba. Ya zauna daɓas yana kuka kamar yaro. Da la'asar sakaliya mun rufe Malam Isyaku kusa da uwarsa. Da man ya ishe ni, da na wuce wurin a guje na kai shi cikin baƙi.

Wata babbar mota mai dawowa daga kasuwa ta taimaka mana da mai, muka koma gida.

To, ga abin da ya shafi sana'a, ku buɗe kunne. Daga baya na gwada ka'idata da buhunan gero, hanya ɗaya, kaya ɗaya. Rimok ya fi shan mai. Yana da nasa nauyin ƙarfe, yana da ƙafafu biyu na ƙari da ke nutsewa a yashi, in kuma ka yi masa doguwar rumfa ka ɗaura wa kanka bango kana ja cikin iska. Muddin kaya bai fi ƙarfin mota ba, ɗora mata. Jaki dabam, injin dabam. Wannan na yarda. Sai dai duk gwajin da na yi, bai taɓa shan ko kusa da abin da ya sha ran nan ba, ƙarfen nan kuma bai sake bugawa ba. Ku masu karatu ku bayyana mini.

Amma hali ba ya barin mutum da wuri. Ranar sadakar uku muna zaune a ƙofar gida ana ba da labarin dutsen niƙa, mutane na ta kabbara, sai na ji bakina ya buɗe da kansa. Na gyara hula na ce, “Ai in kun lura, lissafina ne ya sauke mu daidai wurin. Direban da bai san awon mai ba da ya wuce.”

Labulen zaure bai ko motsa ba. Muryar Inna Ladi ce kawai ta fito.

“Lissafinka? Kai da idanu biyu da madubi uku ba ka san inda za ka ba, sai da mamaci ya taka maka birki. Ka roƙi Allah, Sale, ranar da za a ɗauke ka kada a sami direba mai ilimi irin naka.”