Atamfata ruwan toka ta koma shuɗiya a kwamfuta

Allah Ya ƙara wa masu tace bidiyo basira. Abin da marina ke wuni suna yi a bakin karofi, su da yatsa ɗaya suke gamawa.

Wata Hajiya daga Kabo ta zaɓi ankon bikin ɗanta a rumfata, a kasuwar Gwarzo. Atamfa ce ruwan toka, mai kamala. Na ce bari in waye, na sa wani mai situdiyo ya ɗauke ta a bidiyo, aka tura wa matan dangi.

Mata suka ga shuɗi shar. A wannan tsadar, kowacce ta daure ta sayi gyale da takalmi shuɗi. Da atamfa ta isa garinsu Durun, sai ga Hajiya a waya: "Alhaji, algus ka fara? Gobe zan dawo maka da kayanka."

Na garzaya wurin gwanin situdiyon.

"Malam, me ka yi wa atamfata?"

"Alhaji, gyaran kala ne. Tamfol ɗin rumfarka ja ne, ya ɓata hoton. Sai na janye jan, na ƙara shuɗi, na ɗaga armashin. Ba ka ga ta fi kyau ba?"

"Ta fi, wallahi. To ga dilar nan a mota, shigar da ita kwamfutar ka gyara min."

Wai har dariya yake.

Jama'a, idan an je gaban alƙali, wa ya yi algus: mai atamfa ko mai kwamfuta?