Zailani da Tarwadar Yayansa

Zailani ɗan masunta ne daga wani ƙauye a gefen ruwan Tiga, cikin ƙasar Bebeji. Garin kakanninsa yana ƙarƙashin dam ɗin tun kafin a haife shi. Da taru da kwalekwale ya tashi, amma da kamu ya yi ƙaranci, sai shi da yayansa Murtala suka gina kwamin siminti huɗu a bayan gida, suka koma kiwon tarwada.

Ƙyanƙyasar tarwada aiki ne na jini. Macen, allura ake yi mata a matse ƙwanta. Namijin kuwa sai an kashe shi, an farke cikinsa an ciro maniyyin. Hannun Zailani ya faɗa da wannan aiki. Ya haɗa tarwada da kifin ramboshi, ’ya’yan suka tashi jibga-jibga, sunansa ya kai har kasuwar Kafin Maiyaƙi. Daga nan ya ƙudurta sai ya haɗa tarwada da karfasa, ya samo kifi mai daɗin karfasa amma marar ƙaya.

Ƙanwarsu Fa'iza, mai koyar da kimiyya a sakandare, ta ce masa, "Yaya, ramboshi ɗan uwan tarwada ne na kusa, shi ya sa suka haɗu. Karfasa jinsinta daban, ko ƙwanta ma a baki take renonsa. Ƙwan ba zai karɓi maniyyin ba, in ma ya karɓa ba abin da zai ginu a ciki."

Ya ce, "Ke dai riƙe allinki."

Cikin wata biyu ya farke mazan tarwada goma sha ɗaya. Kowane karo ƙwan karfasar sai ya yi fari fat, ya ruɓe, wari ya cika gidan. Sai ya ce ai mazan ne ƙanana. Wata Laraba da hantsi ya kamo ƙaton namijin da Murtala ya shekara uku yana kiwo don iri, ya buga kansa da siminti, ya sa wuƙa.

Murtala ya shigo ya tarar da kifin a farke, wutsiya na ta motsi. "Zailani, na hana ka ko ban hana ka ba?"

"Yaya, wannan karon zai yi."

Murtala ya rarumi filafilin kwalekwale ya maka masa a kafaɗa. Zailani ya juyo da wuƙar a hannu, ya kai sara bai ma duba ba. Ta keta damtsen Murtala har gwiwar hannu. Suka sarƙe, suka faɗa cikin kwami, ruwan ya koma ja, kifaye na tsalle ta ko'ina. Da ƙyar maƙwabta suka ɓamɓare su. Zailani ne ya cire rigarsa ya ɗaure hannun yayansa, ya riƙe shi a bayan babur har asibiti, yana kuka yana kiran sunansa.

Murtala ya warke, amma yatsunsa biyu ba sa lanƙwasuwa har yau. Bai kai ƙara ba, sai dai ya yi shekara guda bai amsa gaisuwar ƙanensa ba. Zailani ya bar masa kwamin duka, ya koma noman albasa na rani a wajen Kiru. Ranar sunan ɗan Murtala na uku ya zo ya tsuguna a ƙofar zaure, Murtala ya miƙo masa hannun nan mai ciwo, ya ce ya shigo ciki.