Takardun Baƙon Baballe

Baballe bai taɓa karanta littafi ba a rayuwarsa, amma shi ne ya halaka littafi guda sukutum, da alwalarsa kuwa. Gonakinmu iyaka ɗaya a kusa da Kadawa, shekara talatin muna jan ruwa daga kanal ɗaya, don haka na san shi ciki da bai. Manomin tumatir ne mai shiru-shiru, mai tsoron Allah har ya so ya yi yawa. In ya ga 'yar takarda mai rubutun Larabci a ƙasa, sai ya tsaya ya ɗauke ya soke ta a katanga, ko da ta kwalin shayi ce.

Wata shekara, lokacin dashe, wani dogon mutum ya sauka daga motar Garun Mallam yana neman ƙwadago. Sunansa Abdulmumin, daga wata ƙasa can gabas, Hausarsa a karye. Hannunsa laushi kamar na ango, ranar farko fartanya ta tayar masa da bororo. Baballe ya ba shi shagon ƙofar gida, bai tambaye shi abin da ya raba shi da garinsu ba. Mu nan ba a titsiye baƙo.

Shekara goma sha ɗaya baƙon ya yi a wurinmu. Kullum bayan la'asar sai ya zauna gindin mangwaro yana rubutu daga dama zuwa hagu, yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai. Baballe ya yanke cewa babban malami ne, ilimi ne ya ɗan taɓa shi.

Da ciwon ajali ya kama shi, ya miƙa wa Baballe ƙunshin takardun a jakar buhu.

“Ɗan'uwa, ka riƙe. Kada ya wulaƙanta.”

Baballe ya riƙe. Ya rataye jakar a saman ɗakinsa, ya hana matarsa Hajara ko sharar wajen. Shekara huɗu tana nan, sai gara ta gano ta. Wata safiya ya tarar da guntayen rubutu a ƙasa, kaza tana tonon su. Ya yi abin da iyayenmu suka koya mana game da rubutu mai tsarki in ya tsufa: ya yi alwala, ya naɗe sauran a farin ƙyalle, ya ɗaura dutse, ya saka a babban kanal inda ruwa ke gudu. Ni na riƙe masa keke. Har na ce masa Allah ya ba da lada, kuma har gobe wannan maganar tana ci mini rai.

Bayan wata bakwai wata mata ta zo da tafinta daga Kano. Fa'iza, 'yar marigayin. Ta ce sojan da ke mulkinsu ya faɗi. Ubanta marubuci ne, an ƙone littattafansa, an kashe abokansa biyu, shi ya tsere. A wasiƙarsa ta ƙarshe ya ce yana rubuta labarin ban dariya a kan shugaban, da kuma kan marubuta irinsa masu yawo ƙasa-ƙasa suna roƙon wurin fakewa, kowa na cika baki wai shi aka fi tsana a gida. Ya ce littafin na hannun amintacce.

Baballe ya dube ta.

“'Yata, wai ba addu'o'i ba ne?”

Ta girgiza kai. Ya gaya mata gaskiya duka, bai rage ba, sannan ya kai ta bakin kanal. Ruwa na ta wucewa zuwa gonakin mutane.

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta tambaya ko ya taɓa karanta masa wani abu daga ciki. Baballe ya ce a'a, shi dai abin da ya sani, in yana rubutu dariya yake yi.

“Baba, yaya dariyarsa take? Ina shekara uku ya tafi.”

Tsohon nan ya gyara tsayuwa, ya buɗe baki zai kwaikwaya mata. Sau biyu ya fara. A na ukun kuka ne ya fito.