Ranar da Na Hau Gadon Magina

A shekarun matsin tattalin arziki da muke kira kriz, kamfanin gine-ginen da maigidana yake wa aiki ya rufe, ya dawo gida New Bell, unguwarmu a Duwala, da farar hular kwanonsa a hannu. Aikinsa a can shi ne duba eshafodaj, wato gadon nan na katako ko ƙarfe da magina ke tsayawa a kai idan gini ya yi sama. Sai ya girgiza shi ya ce ya yi kafin kowa ya hau.

Mutumin da ya saba girgiza abu kowace safiya ba ya dainawa don an sallame shi. Ya girgiza bencin zaure, ya girgiza gadon yara, har kujerar da nake zama in soya ƙosai a ƙofar gida sai da ya kife ta ya ƙara mata ƙusa. Ƙosan nan kuwa shi ke riƙe da mu a lokacin. Na san zaman ne yake cin sa.

Ana nan sai maƙwabcinmu, wani Alhaji ɗan kasuwa da bai daɗe da zuwa daga Kano ba, ya fara ɗora bene a kan gidansa. Maginansa ma daga can ya kawo su. Suka kafa gorori, suka ɗaura, suka shimfiɗa katako, suka haye. Maigidana ya wuni a taga yana tsaki.

"Madam, zo ki ga," in ji shi. "Sun dasa gora a taɓo kamar masu shuka rogo. Suna tsammani ƙasar Duwala irin tasu ce mai tauri."

Na ce, "Malam, tagar ba za ta kai musu saƙo ba. Ka je mana."

Washegari ya sa hular kwano ya tafi, ni kuma ina kallo daga bakin kaskona. Da Alhaji ya hango farar hula, kuma maigidana ya yi gaisuwa da Faransanci kamar yadda bakinsa ya saba, sai ya ɗauka gwamnati ce ta zo. Ya miƙe yana ta "Yallaɓai, yallaɓai," ya aika a kawo kujera da goro. Maigidana ya cire hular ya ce da Hausa, "Alhaji, ni ne fa na bayanka a sahu jiya da Magariba." Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki.

Daga nan aka shiga aiki. Ya sa aka zare gororin ɗaya bayan ɗaya, aka shimfiɗa wa kowanne guntun katako mai faɗi a ƙasa don kada ya nutse idan an yi ruwa. Ya sa aka gitta wasu a tsakani, aka ɗaure gadon da jikin bango, aka yi abin dafawa a gefe. Wani katako da ya ga ya fara ruɓewa, ya kawo mini na yi makamashi da shi. Shugaban maginan, wani dogon mutum mai son barkwanci, ya ga aikinsu ya tsaya, bai ji daɗi ba. Da aka gama, maigidana ya girgiza ko'ina, ya hau ya yi tsalle, ya sauko ya ce ya yi.

Sai shugaban maginan ya ce, "To Malam, tunda ka ce ya yi, za ka yarda mai ɗakinka ta hau?"

Wasa yake yi, kowa ya sani. Maigidana ya juyo ya dube ni. Ni kuwa ban san abin da ya shiga kaina ba. Na sauke kasko, na gyara ɗaurin zanina, na tsuke mayafi a ƙugu, na ce a riƙe mini tsani. Maigidana ya ɗora mini hular kwanon a kan ɗankwali, ya biyo ni a baya yana cewa, "Kar ki dubi ƙasa, dubi hannunki."

A New Bell aka haife ni, iyayena ma nan aka haife su, amma ban taɓa ganin unguwar daga sama ba. Kwanon rufi ja da tsatsa ya shimfiɗu har inda ido ya tsaya, lunguna sun zama kamar zare, ga hasumiyar masallacinmu dab da ni. Can nesa wajen tashar jiragen ruwa ƙarafan ɗaga kaya suna tsaye cik, babu mai motsi. Iska mai sanyi ta taso daga kogi, irin wadda ba ta saukowa cikin lungunmu. Gadon bai ko motsa ba. Matan gidajen kusa suka fito tsakar gida suna nuna ni, wata ta rangaɗa guɗa.

A nan ne na hango zanina mai ruwan goro da ya ɓace tun damina ta fara, kwance a kan rufin ɗakin girkinmu, inda iska ta jefa shi. Na daɗe ina zargin awakin lungu. Na kuma hango akuya ta gaske ta tura kai cikin kwanon ƙulluna, sai na ce a sauke ni maza.

Labarin ya zaga unguwa. Duk mai ɗan gini, daga lungunmu har unguwar Ndogpassi, sai ya aiko a kira mai farar hula ya zo ya girgiza. Ba aikin ofis ba ne, wani ya sallame shi da shinkafa, wani mai gini a Youpwé da kifi ya riƙa biyansa har muka gundura. Amma yana fita da safe ya dawo da yamma da ƙura a takalmi, yana ba ni labarin gorori.

Shugaban maginan ya zama mai sayen ƙosaina na kullum har suka gama benen. Idan ya zo sai ya rusuna ya ce, "Ina kwana, insifekta," in ƙara masa biyu a kai.