Jan Layi a Wayar Ɗantsoho

Ɗantsoho mai igiya maƙwabcina ne a Mai'adua, katanga ɗaya ta raba mu. Tun tasowarsa igiya yake sayarwa a bakin kara, inda ake cinikin dabbobi ran Lahadi: ta ɗaure rago, ta jan sa, ta guga. Mutum ne mai jiki da son zama, in ya samu benci sai kiran salla ke tashinsa. Shi ya sa ranar da na gan shi bisa keke da farar safiya, ya ɗaure ƙafar wando da roba, na ce a raina akwai magana.

Dalilin da aka ba mu shi ne ciwon suga. 'Yarsa Madina, da ke aikin jinya a Daura, ita ta kai shi aka gwada, likita ya ce ko ya motsa jiki ko ciwon ya sauka a ƙafa. Ta saya masa keke, ya jingine shi a zaure ya manta. Da ta ga haka sai ta sa masa wata manhaja a waya. In ka hau keke, ita ke auna tafiyarka, ta zana inda ka bi da jan layi a kan taswira, ta ba ka maki, ta jera sunanka da na sauran masu hawa a jihar. Madina ta san ubanta. Mutumin da in aka ci shi a dara ba ya iya cin abinci, ba zai yarda ya kwana a ƙasan jeri ba.

Nan fa Ɗantsoho ya haukace mana. Akwai wani Abdulbaƙi a Katsina da ke samansa a jerin. Bai taɓa ganinsa ba, bai san fari ne ko baƙi ba, amma kullum sunansa na bakinsa. "Yau na bar shi a baya," ko kuwa "Ɗan banzan nan ya wuce ni ina barci." Tumbi ya sauka, wuya ya fito, har sai da ya kai rigunansa aka rage.

A unguwarmu, bayan Magariba kowane magidanci kan fito da kwanonsa ƙofar gidan Audi, dattijon layin, mu zauna mu yi ciyayya. Haka muka tarar da iyayenmu. Ana buɗe kwano ɗaya a cinye, a jawo na gaba, kuma ba a taɓa tsallake na kowa. Na gidan Ɗantsoho ma shi ake fara jawowa, don matarsa Maijidda ta iya miyar kuka. A nan yake fito da waya, hannu duk tuwo, yana nuna mana jan layinsa.

To ashe manhajar ta fi ba da maki in ka bi hanyar da ba ka taɓa bi ba. Da titin Daura ya ƙare masa, sai ya faɗa ƙananan hanyoyin bayan gonaki, waɗanda suka nufi Kongolam da bakin iyaka. Hanyoyin nan kuwa suna da masu su. 'Yan fito ne ke bin su da babura, suna tsallako da shinkafa ba tare da sun bi ta shinge ba. Kowa a garin ya san su, kuma ba mai kwatanta su ko a gaban matarsa. Sai ga su kwance a wayar Ɗantsoho, kowace kwana, kowace tsamiya.

Audi ne ya fara tsayar da loma. "Malam Ɗantsoho, wannan zanen, wa da wa ke ganinsa?"

"Kowa mana! Jiya har Abdulbaƙi sai da ya yaba."

"Shi Abdulbaƙin, aikin me yake yi a Katsina?"

Ɗantsoho ya dubi wayar. Bai sani ba.

Ba a daɗe ba aka tare Saminu, ƙanen Audi, a wata hanya ta bayan kwari inda jami'ai ba su taɓa tsayawa ba. Babur da kaya duk suka tafi. Da aka bincika, Ɗantsoho ya bi ta nan a makon, kuma shi da bakinsa ya ba mu labari, yana murnar makin da ya samu.

Ni fa ban ce shi ya kai wa jami'ai labari ba. Amma ina da ido. Wa ke ba mutum abu kyauta don kawai ya zagaya daji? Makin nan, a ina ake canza shi, kuma da me? Mutumin da ya shekara hamsin yana ƙyuyar zuwa bakin rijiya, yau shi ke rigan zakara tashi? In ka ce lafiya yake nema, ai titin kwalta ma na sa gumi. Har ragin rigunan sai da mutane suka ce sababbi ne aka ɗinka masa.

Ba wanda ya tunkari Ɗantsoho da zancen. Da aka zauna ciyayya, aka jawo kwanon Audi, aka jawo nawa, aka bi kowa, aka wanke hannu. Nasa na nan a rufe. Haka ya ɗauke shi da nauyinsa ya koma gida. Ta katanga na ji Maijidda na cewa, "Malam, gishiri ne ya yi yawa?" Washegari ta yanka kaza ta sa a miyar, kwanon ya sake komawa yadda ya fito. Abin ya taɓa ni, ba zan ɓoye ba, amma ɗan 'yar'uwata ma da waɗannan hanyoyin yake ciyar da gidansa.

Ranar da ya gaji, Ɗantsoho ya ajiye wayar a tsakiyar tabarma. Ya ce, "Audi, tare aka yi mana kaciya. Wallahi ban san kowa ba sai maki. Ga ta nan, ku goge da hannunku." Audi ya ƙi taɓawa. Ɗantsoho da kansa ya danna ya goge manhajar, da makinsa da sunansa, a makon da ya kai na biyu a jerin. Can Audi ya miƙa hannu ya jawo kwanon Maijidda ya ce bismillah.

Ya gwada ci gaba da hawa a kan titi, ba waya. Bai yi nisa ba. Na tambaye shi, ya ce, "In na hau, wa ya san na hau?" Madina ta zo daga Daura ta yi ta roƙo, "Baba, don Allah ka bari in mayar maka, sai in rufe taswirar, ba mai gani." Ya ce ita ta san an rufe, mutanen gari fa? Ya koma bencinsa a bakin kara. Kafin kaka jiki ya dawo, wani ɗan ƙurji ya fito masa a yatsan ƙafa ya ƙi warkewa.

Cikin watan jiya aka sake tare wasu 'yan fito, a wata hanya can gabas. Lokacin Ɗantsoho ko masallaci da sanda yake zuwa. Da labarin ya iso wurin ciyayya, na ga ya ɗago kai yana duban fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, kamar yaron da ke jiran a kira sunansa a rabon nama.

Audi ya suɗe yatsa ya ce, "Ai irin waɗannan wayoyin, ko an goge ba sa mantuwa."

Wasu suka gyaɗa kai. Ɗantsoho ya janye hannunsa daga tuwon, ya wanke, ya lalubi sandarsa. Da ya miƙe sai ya dube ni ya ce, "Maƙwabci, ka ce wa iyalinka ta gaya wa Maijidda, ni ba zan iya ba: gobe ta dafa daidai cikinmu, ban da na ciyayya."