Ƙashin Saniya a Wuyan 'Yar Birchi

Har yau idan na gifta rumfar mahauta a kasuwar Dutsin-Ma, warin bargon da ya kwana ya doki hancina, sai in ji zuciyata ta tafasa. Warin ajinmu ne na ƙaramar sakandare.

Malaminmu na Turanci yana da wani ƙashin ƙafar saniya da ya huda ya zira wa igiya. Kowace Litinin sai ya tashe mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ta faɗi da Turanci abin da ta yi a ƙarshen mako. Wadda ta kasa juya magana zuwa abin da ya riga ya wuce, a rataya mata ƙashin. Ba ta da ikon cirewa, a aji ko a fili, sai ta kama wata da kuskure ta miƙa mata. Haka ya mai da mu mafarautan juna, yaran da ke cin kwano ɗaya.

Ƙawata daga Birchi take, can ƙasar Kurfi. Gidansu makiyaya ne, tana zaune wurin gwaggonta saboda makaranta, kuma ita ce mace ta farko da aka sa a boko a zuriyarsu. Idan tana ba da labari da Hausa, sai ka ji ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko. Turanci ne ke harɗe mata harshe, musamman kalmomi biyu masu kama da juna, "life" da "live", ɗaya suna ɗaya aiki. Ran nan ta so ta ce ta zauna a garinsu, sai ta ce, "I lifed in Birchi."

Malam ya tafa hannu. "Ke 'yar Birchi, shanu ne suka koya miki wannan? To ga ɗan'uwansu, zo ki karɓa."

Bai gyara mata ba. Wannan ne abin da na kasa yafewa. Allo na bayansa, alli na hannunsa, amma ƙashi ya ɗauko.

Da aka fita tara na ja ta gindin bishiyar bedi, na ce, "Yanzu zan kwafsa da gangan, ki ce kin kama ni."

"Ke da kike rubuta waƙa da Turanci? Wa zai yarda?"

"To ki kama waccan mai dogon baki, ai kuskurenta ya fi gashin kanta yawa."

Ta girgiza kai. "Ni ban baro Birchi don in rataya wa 'yar mutane ƙashi ba. Karatu na zo."

Ta ƙi kama kowa, ƙashin kuwa ya zauna a wuyanta mako bayan mako. Warinsa ya kama farin hijabinta, har masu zama kusa da ita suka fara ja da baya. Duk Litinin da ita Malam yake farawa: "Hajiya mai sarƙa, bismillah." Sai kuskure ya haifi kuskure. Mai labarin nan ta koma ba a jin ko tarinta.

Wata ranar kasuwa zazzaɓi ya kwantar da ni. Da na dawo, wurinta babu kowa, ƙashin yana rataye a ƙusar bango.

"Ta gudu," in ji Malam. "Daman ba kowane kai ke ɗaukar boko ba."

Na je wurin gwaggonta, ba ta ce mini komai ba sai, "An kai ta gida, 'yata."

Na yi karatu har jami'a, na zauna gaban malamai masu yawa, ban ga inda ƙashi ya koya wa mutum kalma ɗaya ba. Shi kuwa Malam har ya yi ritaya ana yabonsa wai yana da horo.

Sai bara, a wani gidan suna a Kurfi, na haɗu da ƙanwarta, ta faɗa mini abin da ya faru. Ranar kasuwar nan Baffansu, wato mahaifinsu, ya kawo awaki, ya biyo makaranta da fura don ya ga 'yarsa, shi da ya yi faɗa da 'yan'uwansa kafin a bar ta ta yi boko. A wurinsu saniya mai gudu ake rataya wa abu a wuya. Ya tarar da ita a fili da ƙashin, ya cire da hannunsa, ya ce ta ɗauko kayanta. Ba guduwa ta yi ba. Har bakin tasha tana riƙe da rigarsa, tana roƙon ya bar ta ta koma aji, ko da ƙashin ne.